An soke bodo, amma ina ya tafi? Waiwaye kan tarihin haraji a Nijar



Makon da ya gabata, cikin shirinmu na safiyar Lahadi, mun buɗe layi kan maganar tikitin kasuwa. Mun yi zaton rabin awa za ta isa, sai ga shi har lokaci ya ƙare waya ba ta huta ba. Wata mai sai da ƙuli-ƙuli ta ce duk ranar kasuwa sai ta biya kuɗin wuri, ko ta yi ciniki ko ba ta yi ba. Wani mai shago ya ce shi patanti ce ta ishe shi, ga kwata a ƙofar shagon ta toshe tun bara. Can kusa da ƙarshe wani dattijo ya kira daga wani ƙauye gabas da Maraɗi. Ya ce mu yaran yanzu kukan daɗi muke, don ba mu san bodo ba. Ya ce da idonsa ya ga an zaunar da mahaifinsa cikin rana a ƙofar mai gari, tun hantsi har la'asar, saboda kuɗin kan mutum biyu, ɗaya ma ya rasu tun damina. Ya ce ranar da labari ya iso cewa an soke bodo, guɗa anka yi a garinsu kamar ana suna. Sai ya rufe da tambayar da ta bi mu har gida: in dai an soke shi, me ya sa har yau aljihun talaka bai huta ba?

Mu da anka haifa bayan wannan zamani, a lakwal mun karanta sunayen gwamnoni da ranakun yaƙi, amma ba a zauna an koya muna tarihin haraji ba. Shi ya sa munka ce bari mu waiwaya, mu ga ko za mu iya ba baba amsa.

KAFIN ZUWAN NASARA

Haraji ya girmi Nasara a ƙasar Hausa. Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kutumbi, a ƙarni na 17, anka fara karɓar jangali ga Fulani makiyaya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, cikin littafinsa Kitab al-Farq, ya lissafa jangali da kuɗin gari da abin da ake ɗiba ga mahauta da masu sai da auduga a kasuwa cikin zaluncin da yake tuhumar sarakunan Hausa da shi. Ke nan tun jihadin 1804 maganar haraji na cikin abin da ke tada ƙura.

Bature ɗan Jamus Heinrich Barth, wanda ya ratsa Tasawa da Katsina ya isa Kano a 1851, ya rubuta cewa kowane mai gida a Kano yana biyan kuɗin ƙasa wuri 2,500 a shekara, kowace rijiyar rini kuma wuri 700. Ku lura da abin da ake ƙirgawa a nan: gida da sana'a. Haka ma zakkar hatsi, ɗaya cikin goma na abin da gona ta bayar. In damina ta yi kyau ka fitar da yawa, in ta ƙi ka fitar da kaɗan, in ba ka kai nisabi ba babu komi a kanka.

Kada mu yi ma wancan zamani kwalliyar da ba tasa ba. Maraɗi da Tsibiri da Damagaram duk sun rayu da yaƙi da ganima da gaisuwar dole, an kama bayi, an ƙwace dukiya. Sai dai talaka na da makami ɗaya: ƙaura. Daji na da faɗi, sarkin da ya matsa ma mutanensa yakan wayi gari ya tarar sun kwashe sun koma ƙarƙashin wani. Wannan ya sa sarki mai hankali yakan auna hannunsa.

HARAJIN DA KE ƘIRGA KAI

A 1899 sojojin Faransa sunka ƙone Birnin Ƙwanni, a cikin shekarar kuma sunka ci Damagaram. Shekara guda bayan haka, ranar 13 ga Afrilu 1900, majalisar Faransa ta yi wata doka da ba a cika ambata ba, alhali ita ce uwar wahalar da baba ya ba mu labari. Dokar ta ce kowace ƙasar da Faransa ta mallaka ita za ta ɗauki nauyin mulkin kanta. Albashin kumandan, gidansa, gardawansa, hanyar da motarsa za ta bi, duk daga aljihun waɗanda anka mallaka za su fito.

Ƙasashen bakin teku irin su Sanagal suna da tashar jiragen ruwa, ana samun kuɗin duwan. Nijar ba ta da teku, ba ta da jirgin ƙasa, ba a san ma'adinanta ba tukuna. Abin da kumandan ya gani a gabansa mutane ne da bisashe. Sai ya ƙirga kawunansu ya sa ma kowane farashi. Wannan shi ne lanho, ko bodo, ko kuɗin kai, kowa da yadda ake ce mashi a garinsu.

Abu huɗu sunka sa wanga haraji ya fi na da ciwo.

Na farko, bai san mai shi da marar shi ba. A cikin kanto guda, mai rumbu goma da wanda ke ƙwadago a gonarsa abu ɗaya suke biya kan kowane kai. Gidan da ya fi yawan baki shi ya fi biya, alhali sau da yawa shi ya fi buƙata.

Na biyu, bai san damina ba. Fari ko fara ko ambaliya, adadin da ke rubuce shi ake nema.

Na uku, takardar ƙidaya ba ta tafiya da zamani. Ana iya shekaru ba a sake ƙirga gari ba. Wanda ya mutu da wanda ya yi ƙaura suna nan cikin littafi, kuma jimillar gari ake bin mai gari. Masu rai su ke biya ma matattu.

Na huɗu, bayan ƴan shekarun farko da anka karɓi hatsi da dabbobi da wuri, sai anka ce tamma ta Faransa kaɗai ake so. Manomi na da gero a rumbu amma ba ya da tamma. Dole ya sayar da kaka, lokacin da kowa ke sayarwa kuma hatsi ba ya da daraja, ko ya shuka abin da kamfanonin Turawa ke saye, ko ya tura ɗansa cin rani. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gujiya ya buɗe, daga baya noman ya hauro Magarya da Matamai da Tasawa da Maraɗi. Samarin yamma kuma sunka kama hanyar Kumasi da Ankara. Tafiyar da muke gani yau ta samarinmu bayan girbi, tushenta na da alaƙa da neman kuɗin bodo.

Wa ke karɓa? Sarkin kanto da mai gari da ardo, kuma ana ba su wani kaso na abin da sunka tara. Sarkin da ya kasa cika adadi rawaninsa na cikin haɗari. Ta haka anka mai da sarauta ƴar aiken haraji. A bayan sarki akwai gardi da bulala, a bayan gardi akwai dokar andijena, wadda ta ba kumandan ikon ɗaure mutum na kwanaki ba tare da shari'a ba, kuma jan ƙafa wajen biyan haraji na cikin laifukan. Ga aikin tilas a kan haka. Garuruwan bakin iyaka da yawa sun kwashe cikin dare sun koma “Ingilishi”, kamar yadda tsofaffi ke ce ma Najeriya.

A 1931, bayan fara ta cinye amfanin gona, yunwa ta faɗa ma yammacin ƙasa, musamman ƙasar Zabarmawa. Hukumar mulkin mallaka ta ci gaba da neman haraji mutane na mutuwa. Dubbai sun rasu, dubbai sun gudu, har sai da Paris ta aiko bincike. A 1946 anka soke andijena, dokar 11 ga Afrilu 1946 mai ɗauke da sunan Houphouët-Boigny kuma ta soke aikin tilas. Kuɗin kai dai ya tsira.

TUTA TA SAUYA, LITTAFI BAI SAUYA BA

Ranar 3 ga Agusta 1960 munka samu ƴancin kai. Talakawa da yawa sun ɗauka bodo zai bi Nasara ya tafi, tunda ƴan siyasa, musamman ƴan Sawaba ta Djibo Bakary, sun sha magana kan haraji da zaluncin masu karɓarsa, kamar yadda NEPU ta Malam Aminu Kano ke yi a ƙetaren iyaka. Amma gwamnatin Diori Hamani ta tarar da lissafin da kumandan ya tarar: ga ministoci, ga soja, ga lakwal da likita da za a gina, kuma babu wata rijiyar kuɗi in ba manomi da makiyayi ba. Kuɗin kai ya ci gaba, ya ma ƙaru. Gyaran mulki na 1964 ya kafa arondisma, kowace da kasafinta, ita ma da nata kason kan kowane kai.

A shekarun 1960 gujiya ita ce fiye da rabin abin da Nijar ke sayarwa waje. A 1962 anka kafa SONARA, ita ke da ikon fitar da gujiya, gwamnati ke yanke farashin da za a saya ga manomi. Tazarar da ke tsakanin wannan farashi da na kasuwar duniya ita ma haraji ce, ko da ba a kira ta da sunan ba. Tsofaffi sun ce lokacin buɗe kasuwar gujiya shi ne lokacin bodo. Mutum ya karɓi kuɗinsa a bakin sikeli, kafin ya kai gida an karɓe rabon hukuma. Wajen ƙarshen shekarun 1960 kuma Faransa ta daina sayen gujiyarmu da farashin gata, abin da manomi ke samu ya tsaya cik, bodo bai tsaya ba.

Sai fari ya zo, daga 1968 har ya kai maƙura a 1973. Garke sun ƙare, mutanen arewa sun gangaro bakin garuruwa suna jiran taimakon cimaka. Ranar 15 ga Afrilu 1974 sojoji ƙarƙashin Seyni Kountché sunka kifar da gwamnatin Diori, kuma yadda anka tafiyar da maganar yunwa na cikin manyan dalilan da sunka bayar.

RANAR GUƊA

Tsakanin 1974 da 1978 gwamnatin soja ta ɗauke jangali, ta rage kuɗin kai na gwamnatin tsakiya, wanda a takarda ake kira impôt du minimum fiscal, sannan ta soke shi. Abin da ya rage shi ne ɗan kason arondisma. Wannan ita ce ranar da baba ya tuna.

Mu faɗi gaskiya, gyara ne na adalci, irin wanda ba a cika samu ba. Harajin da ya shekara fiye da saba'in yana bin mafi talaucin mutane ya faɗi. Manomi ya samu damar riƙe geronsa zuwa bazara. An daina shanya dattijo a rana gaban ƴaƴansa. Duk wanda ya ce wannan ba komi ba ne, bai taɓa sai da akuyar matarsa don ya biya ma mamaci ba.

Amma me ya sa abin da ya gagari kumandan da Diori ya yiwu a hannun Kountché? Amsar tana Arlit. Kamfanin SOMAIR ya fara fitar da ƙarfen yuraniyom a 1971. Bayan tashin farashin man fetur na 1973, ƙasashen Turai sunka rungumi wutar nukiliya, farashin yuraniyom ya yi tsalle. COMINAK ta fara aiki a Akuta a 1978. Kafin 1980 yuraniyom ya zarce kashi biyu cikin uku na abin da muke sayarwa waje, gujiya kuwa fari da cutar da ta kama ta a 1975 sun riga sun durƙusar da ita. Baitulmali ya samu sabuwar saniyar tatsa, sai ya saki tsohuwar. Da kuɗin, da kuma bashin da anka ci da sunansu, anka shimfiɗa gudoron Tawa zuwa Arlit, anka gina Palais des Congrès da otal Gaweye a Yamai, anka buɗe azuzuwa da gidajen likita, anka ɗauki ma'aikata.

Maƙwabtanmu ma hanya ɗaya sunka bi. A watan Oktoba 1979, gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, wadda a lokacin ta haɗa har da Katsina da Daura, sunka shelanta soke haraji da jangali. Su man fetur ne ya tsaya masu, mu yuraniyom. Iyaka biyu, dabara ɗaya: abin da ke ƙarƙashin ƙasa ya fanshi wanda ke bisanta.

DA RIJIYA TA JA BAYA

Ba a daɗe ana guɗa ba. Bayan hatsarin tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka a 1979, ƙasashe da yawa sunka ja baya ga gina sababbin tashoshi, farashin yuraniyom ya fara gangara tun farkon shekarun 1980. Bashi na nan, albashi na nan, kuɗin shiga sun ragu. A 1983 Nijar ta shiga yarjejeniya da FMI. A 1984 fari ya dawo, Najeriya ta rufe iyaka ta sauya kuɗinta, shekarar da mutanenmu ke kira El Buhari.

Ba wani shugaba da zai iya tsayawa ya ce a maido da bodo. To ina za a samo kuɗi? Ga kaya. A 1986 anka shigo da TVA, harajin da ke shiga cikin farashin abin da ka saya. Aka ƙara dogara ga duwan, har da kuɗin da ake karɓa kan kayan da ke ratsawa ta Maraɗi da Ƙwanni da Damagaram zuwa Najeriya, taba da atamfa da sauransu. Ma'aikaci kuma ana cire mashi nasa tun albashi bai shiga hannunsa ba.

Duk da haka ramin bai cika ba. Iyayenmu ma'aikata ba su manta shekarun 1990 ba, lokacin da ake wata da watanni ba albashi, lakwal na rufe, malamai na yajin aiki, mu kuma muna gida muna murnar hutun da daga baya munka gane asara ce. A watan Janairu 1994 anka karya darajar sefa da rabi, kayan waje sunka yi tsada. Wanda anka ɗauke ma bodo ya koma yana sayen magani da kansa, yana haɗa kuɗin rumfar aji, yana biyan mai gadin famfo.

A nan ne amsar baba ta fara fitowa. TVA a yau kashi 19 cikin ɗari ce ga yawancin kaya. Abin da kuɗinsa jika guda ne kafin haraji, za ka biya jika da sefa 190. Gaskiya ne gero da dawa da wake na gona ba su ciki, kuma kayan da sunka shigo ta bayan fage ba su biya ba. Amma sabulu da batir da takalmi da katin waya da sunka bi hanyar hukuma suna ɗauke da ita. Mai tura kura da ke kashe duk abin da ya samu a rana, kaso mai yawa na samunsa ke ratsawa ta wannan ƙofa. Attajirin da ke kashe kaɗan cikin samunsa, sauran ya sayi fili ko ya ajiye, abin da ya biya bai taka kara ya karya ba in an auna da ƙarfinsa. Sabulu ɗaya, haraji ɗaya, ko wane ne ya saya. Ciwon bodo na farko ke nan, rashin sanin mai shi da marar shi, ya dawo da sabuwar riga.

Akwai bambanci, kuma babba ne: ba gardi, ba bulala, ba zama cikin rana. Sai dai akwai abin da ya ɓace tare da bulalar. Mai biyan bodo ya san nawa ya biya, ya san hannun da ya karɓa. Mai biyan TVA sau da yawa bai ma san ya biya ba. Shi ya sa za ka ji mutum na cewa gwamnati ta taimaka muna da rijiya, kamar kyauta ce, alhali da kuɗinsa a ciki.

SAU BIYU JAMA'A TA FARKA

A farkon 2005, zamanin shugaba Mamadou Tandja da firaminista Hama Amadou, gyaran dokar kasafin kuɗi ya ɗora TVA ta kashi 19 kan madara da garin alkama da sukari da ruwan famfo da wutar lantarki. Dalilin magabata shi ne a ƙara kuɗin shiga don cika alkawarin da anka yi ma UEMOA da masu ba da bashi. Lokacin kuwa fara da ƙarancin ruwa sun lalata daminar 2004, yunwa na ƙofa a jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa. Ranar 15 ga Maris 2005 dubban mutane sunka fito a Yamai ƙarƙashin haɗin gwiwar ƙungiyoyin yaƙi da tsadar rayuwa, su Nouhou Arzika na gaba. Aka bi da ranakun zaman gida, kasuwanni sunka rufe a manyan garuruwa, anka kama jagororin. A watan Afrilu gwamnati ta sauko: anka cire harajin ga madara da garin alkama, anka sassauta ma masu ƙaramin amfani da ruwa da wuta.

Shekara goma sha biyu bayan haka, dokar kasafin kuɗin 2018 ta sake tada ƙura. Ta zo da sababbin haraji, har da na mazaunin gida, a lokaci guda kuma ta soke harajin da kamfanonin waya ke biya kan kiran da ke shigowa daga waje. Gwamnatin Mahamadou Issoufou ta ce matakan ba su taɓa talakan ƙauye ba, kuma ƙasa na buƙatar kuɗi don tsaro. Ƙungiyoyin farar hula sunka ce an sauke ma mai ƙarfi an ɗora ma marar ƙarfi. An yi ta zanga-zanga tun Oktoba 2017, ranar 25 ga Maris 2018 anka kama jagorori irin su Moussa Tchangari da Ali Idrissa da Nouhou Arzika, sunka yi watanni a tsare. A kasafin 2019 anka maido da harajin kiran waje.

Ko a wajen yuraniyom ɗin, sai a watan Mayu 2014, bayan doguwar tattaunawa, kamfanin Areva ya yarda a yi aiki da dokar ma'adinai ta 2006, wadda ke iya ɗaga kason ƙasa daga kashi 5,5 zuwa 12 cikin ɗari gwargwadon riba. Abin lura a duka ukun: rigimar ba ta tsaya kan a biya ko kar a biya ba, kan wa zai ɗauki nawa take.

INDA MUKE

Ɗan kason arondisma da Kountché ya bari bai mutu ba. Da anka yi zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, ya koma hannun komin da sunan taxe municipale, a wurare da yawa sefa 700 kan kowane baligi a lokacin, kuma har yanzu ta hannun masu gari yake bi. Ku tambayi duk wanda ya taɓa aiki a meri, zai ce maku tara shi wahala ne. Mutane na cewa ba su ga abin da anka yi da na bara ba, meri na cewa ba ta yi aiki ba don ba a biya ba. Da yake kuɗin kai ba ya shigowa, sai a juya ga wanda ba ya iya ɓuya: mai tebur, mai ƙuli-ƙuli, mai amalanke, wanda ya kawo akuya kasuwa.

A sama ma lissafin bai cika ba. UEMOA ta sa ma ƙasashenta burin tara harajin da ya kai kashi 20 cikin ɗari na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara. Nijar na yawo wajen rabin haka. Ƙidayar 1977, lokacin da ake soke bodo, ta same mu miliyan 5 da ƴan kai. Ta 2012 ta same mu miliyan 17 da ɗoriya. Kowace shekara ga sababbin yara na neman aji, ga mata na neman ɗakin haihuwa, ga tsaro na cin nasa. Wanda duk ya ce a daina biyan haraji gaba ɗaya, to ya faɗa muna wanda zai biya malamin ɗansa. COMINAK ta rufe a watan Maris 2021. Yanzu ido na kan man fetur, tun buɗe matatar Damagaram a 2011 zuwa bututun da ya fara kai ɗanyen mai teku a 2024. Allah ya sa albarka, amma mun riga mun ga abin da ya faru da anka jingina baitulmali ga farashin da ake yankewa a wata ƙasa.

To baba, ga abin da munka samo. Bodo an soke shi da gaske, kuma guɗar da kunka yi ba ta banza ba ce. Sai dai ba a maye gurbinsa da harajin da ke auna ƙarfin mutum ba. Yuraniyom ya rufe ramin na ƴan shekaru, da ya ja baya sai anka cusa nauyin cikin farashin kaya da tikitin kasuwa. Wuraren da ƙarfin yake kuwa, benayen haya na manyan garuruwa, filayen da anka saya anka ajiye ana jiran su yi tsada, manyan ƴan kasuwar da ke fakewa cikin ƙanana, da rangwamen da ake yi ma kamfanoni, nan ne hannun mai karɓa ke yin sanyi.

Mu a namu ɓangare ga abin da za mu yi. Za mu aika ma meri na garuruwan da muryarmu ke kaiwa takarda, mu roƙi duk wanda ke riƙe da ita ya zo gidan rediyo ya karanta ma jama'a, da Hausa, nawa anka tara bara ga kasuwa da tasha da kuɗin kai, kuma me anka yi da su. Wanda ya amsa za mu ba shi fili, wanda bai amsa ba za mu faɗa maku bai amsa ba. Ku kuma duk abin da kunka biya, komi ƙanƙantarsa, ku karɓi takarda mai lamba da hatimi, ku adana. Da ita ake tambaya.

Masu iyaye da kakanni a kusa, ku zauna da su ku tambaye su yadda bodo yake a garinku: nawa ne, wa ke karɓa, me ake yi ma wanda ya kasa, wace shekara sunka daina biya. Ku rubuto muna a ƙasa, ko ku aiko da murya, za mu sa a shirin Lahadi mai zuwa. Masu wannan labari suna ƙarewa, kuma ba duka ke cikin littafi ba.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.